In Za Ka Sayi Akwala Don Sha'awa, Sayi Irin ta 'Yan Haya

Shekara da shekaru, motar hannu da aka sauke a tashar jiragen ruwan Kwatano da nufin Nijar sai ta bi ta Faraku, ta taka gadar Malanbil, ta tsaya a Gaya ana cike-ciken takardun duwan, sannan ta kama hanyar Doso. Mutanen Gaya da Junju da Karakara da Zabori sun saba da ganin jerin gwanon waɗannan motoci, kuma kusancin nan ya koya wa yankin wata ɗabi'a: mota in ta tsufa a jingine ta ƙarƙashin bedi, a tara kuɗi, a jira wata 'yar Kwatano. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba bayansa sun katse wannan hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta janye shingenta, Nijar ta bar nata, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, inda manyan motoci ke tafiya cikin ayari da rakiyar sojoji. Duk wanda ya san ciniki ya san abin da doguwar hanya ke yi wa farashi. A irin wannan hali ne ya kamata a sake duban mutumin da za a yi wa dariya a majalisa, wato malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko ɗan kasuwar rake da ya ce zai sayi tsohuwar ƙaramar mota, irin mai guntun bayan nan da ƙofar kayanta ke ɗagawa sama tare da gilashi, ya riƙa gyara ta sannu a hankali don sha'awa. A ganina mutumin nan bai yi wauta ba, har ma garinsa na iya cin moriyarsa, amma da sharaɗi biyu da ba sa rabuwa: ya sayi irin motar da 'yan haya ke aiki da ita, kuma ya kai ta gareji ba tare da gaggawa ba.

Sharaɗin farko yana buƙatar bayani, domin a ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi akasinsa ake yi. A Jamus, tun 1997, motar da ta cika shekara 30 kuma aka adana ta a kamanninta na asali tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe. A Faransa ma shekara 30 ce ke ba mota damar shiga rajistar motocin tarihi. Saboda haka Bature mai wannan sha'awa abin da ba kowa ke da shi ba yake nema: Golf GTI irin ta 1976, ko Peugeot 205 GTI da ta fito a 1984. Yana iya yin haka ne don in wani ƙarfe ya karye zai latsa waya, a kawo masa har ƙofar gida. Hotunan waɗannan motoci suna yawo a Facebook da TikTok, suna sheƙi, kuma nan ne tarkon yake. Wanda ya ɗauko wannan tunani ya kawo Junju, ya je ya sayo ƙirar da babu irinta daga Gaya har Dogon Dutsi don a ce shi kaɗai ne mai ita, to ranar da famfon manta ya mutu, ranar ce ta ƙarshe da za a gan ta a kan hanya. A nan darajar tsohuwar mota yawan 'yan'uwanta ne: nawa ke yawo, nawa suka mutu aka farke ana sayar da sassansu, makanikai nawa suka buɗe cikinta har suka haddace.

Da wannan ma'auni zaɓin ba shi da yawa. Toyota Starlet ce a gaba. An daina ƙera ta a 1999, Yaris ta gaje ta, amma ƙirorinta na shekarun 1990 sun daɗe suna aikin tasi masu jan kai a titunan Yamai, kuma motar da ta sha zafi da ƙurar Yamai daga asuba zuwa dare tana ɗaukar fasinja ta riga ta ci jarrabawar da ta isa a yarda da ita. Injinta ƙarami ne, galibi lita 1.3, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ga shi wasu Corolla na wancan zamani injin iri ɗaya suke da shi da ita, abin da ke ninka ƙofofin samun kaya. Sai Volkswagen Golf, musamman ta uku wadda aka fara ƙerawa a 1991, wadda direbobin arewacin Najeriya suka mayar motar haya tsakanin garuruwa, suna loda mata abin da maƙeranta ba su taɓa mafarki ba. Ma'anar wannan ga mutumin Junju ita ce kasuwa biyu ce a hannunsa. Kayan Starlet zai aika wa masu farkar motoci a Yamai, na Golf kuma ya bi ta Kamba zuwa Birnin Kebbi da Sakkwato, in abin ya gagara a dangana da Ƙofar Ruwa a Kano. An sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a Maris ɗin 2024, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, mai riƙe da sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, ya sami sauƙin sayayya a can. A kula dai, Starlet ɗin da Toyota ta fito da ita a kasuwannin Afirka a 2020 suna kawai ta ara. Suzuki Baleno ce ƙirar Indiya, kayanta ba sa shiga tsohuwar.

Akwai kuma dalilin da ya sa shekarun 1990 suka zama iyaka mai kyau. Motar wancan lokaci mutum na iya fahimtarta da ido da kunne. In mai kafireto ce, mai ya taso daga tanki, ya gauraya da iska, fulogi ya ba da wuta, shi ke nan. In ta ƙi tashi wurare kaɗan ne za a duba, kuma sifana da sukundireba sun isa. Daga ƙarshen shekarun nan abin ya canja: aka kawo makulli mai lambar sirri a cikinsa, a 2001 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa motocin fetur tsarin gano lahani ta kwamfuta, na'urori masu auna wannan da wancan suka yi ta ƙaruwa. Irin wannan in ta yi gardama a ƙauye sai an ɗauko mai kwamfuta daga birni, an biya masa kuɗin mota da na abinci kafin ya taɓa komai. Mai son ya sa hannunsa cikin baƙin mai ya koya, me zai koya a nan ban da biyan kuɗi?

Sharaɗi na biyu shi ne ainihin hujjata. Kowa na kukan makanikai, ana cewa ba sa gyara, lallaɓawa suke yi. Kukan gaskiya ne, sai dai ba a cika tambayar inda ɗabi'ar ta samo asali ba. Wa ke kawo mota gareji a garuruwanmu? Direban haya ne, wanda ke da balas ɗin da zai kai wa mai mota da yamma, ga kasuwa na ci gobe, ga masu kaya sun riga sun ba da kafin alƙalami. Maganarsa ɗaya ce: maigida, a taimaka a lallaɓa min ita in ci kasuwar gobe. Mutumin da ya tsufa yana jin wannan magana dole hannunsa ya saba da ita. A ɗauki zafin injin. Mota ta zo tana tafasa. Gyaran gaskiya shi ne a kwance lagireto a wanke ko a canja, a gwada murfinsa, a duba famfon ruwa, aikin da zai iya cin kwanaki in ana jiran kaya. Abin da ake yi cikin awa guda shi ne a zare tamosta a jefar, a ja wayar fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli, a cika lagireto da ruwan rijiya, direba ya tafi yana sa albarka. Amma tamosta aikinta tsare ruwa har injin ya ɗumama. Babu ita, da sanyin hunturu injin kan daɗe bai kai zafinsa ba, yana shan mai fiye da kima, yana cin ringinsa. Ruwan rijiya kuwa, a yankin da ake dafa gishiri a Dallol Foga, ba sai an faɗa ba: farin daskararre yake bari cikin siraran bututun lagireto, ya ƙara toshe abin da dama a toshe yake. Ba a jimawa sai ga motar ta dawo da gaskit a ƙone, a ce ai dama tsohuwa ce.

Yaron da ke koyon aiki a wannan gareji abin da ya gani shi zai ɗauka, ya kuma koya wa nasa yaran in ya buɗe rumfarsa. A nan ne mai motar sha'awa ke da amfanin da shi kansa bai sani ba. Shi kaɗai ne abokin cinikin da ba ya sauri. Motarsa ba ta da fasinja, ba ta da balas, in ta yi wata guda a ɗage kan duwatsu ana jiran lagireto daga Sakkwato babu gidan da zai kwana ba a ɗora tukunya ba. Shi ne zai iya cewa a kwance birkin ƙafa huɗu gaba ɗaya, a zubar da tsohon man a zuba sabo. Shi ne zai ce a bi wayoyin da aka yi wa ɗaurin leda ɗaya bayan ɗaya a mayar da su ta fiyus, a buɗe injin a auna kafin a sayi ringi maimakon a saya a ga ko Allah zai sa a dace. A kan motarsa ne maigidan gareji zai fito da aikin da ya iya amma ba a taɓa ba shi lokacin yi ba, a kanta ne kuma yaro zai ga yadda ake ɗaure kan injin bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, kowane noti da nasa ƙarfin. Wannan ilimi ba ya tsayawa a kan motar mutum ɗaya. Hannun da ya koyi gyaran birki yadda ya kamata shi ne gobe zai taɓa motar da ke kai mata kasuwa, da motar asibitin da ke ɗaukar mai naƙuda zuwa Gaya ko Doso cikin dare. A 2011 aka cire Junju daga ƙarƙashin Gaya ta zama gunduma mai zaman kanta. Takardar doka na iya kawo ofis da motar aiki, amma hannun da zai kula da motar a gareji ake yin sa.

Za a ce, kuma masu cewa ba mutanen banza ba ne, a ƙasar da damina ɗaya in ta yi gardama gidaje ke rage tukunya, zuba kuɗi cikin akwala don jin daɗi almubazzaranci ne. Maganar tana da nauyi, kuma akwai wanda ta hau kansa ɗaram: duk mai taɓa kuɗin hatsi ko na makarantar yara, ko mai cin bashi don ya sayi fenti, a tsawatar masa. Amma ƙasar Hausa ba ta taɓa hana mai hali sha'awa ba. Mai kiwon doki yana sayen harawa da dawa da kanwa shekara zagaye saboda hawan salla da sukuwar biki, ba a kira shi mahaukaci ba, don an san kuɗinsa na shiga hannun mai ciyawa da baduku da maƙeri. Tambayar da ta dace ita ce ina kuɗin ke zuwa. Wanda ya sayi waya mai tsada, kuɗinsa ya bar garin rana ɗaya. Wanda ya ɗauko matacciyar Starlet, kaso mai tsoka na abin da zai kashe ladan hannu ne: makaniki, mai walda, mai gyaran waya, mai faci, telan da zai ɗinke kujeru, direban da zai riƙo masa saƙo daga Kamba. Sai dai kada ya ruɗi kansa da lissafin riba. Wanda ya gyara tsohuwar mota tsaf ya kai ta kasuwa da wuya ya mayar da abin da ya zuba, don dillali shekarar mota yake tambaya, ba ruwansa da wahalar da aka sha. In riba ake nema a turke raguna kafin layya.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, don tana da alƙaluma a bayanta. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 suka zo Afirka. Binciken da hukumomin Holand suka yi a kan waɗanda ke fita daga ƙasarsu ya gano yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. A 2020 ɗin ne kuma ƙasashen CEDEAO suka amince da ƙa'idar taƙaita shekarun motocin da za a riƙa shigowa da su. To in duniya na ƙoƙarin rufe wa tsofaffin motoci ƙofa, don me za a yabi mai tayar da wadda ta mutu? Amsar ita ce rahoton kan shigo da ƙarin tarkace yake magana, ni kuwa kan abin da ya riga ya shigo, aka biya masa duwan, yake nan cikinmu. Starlet ɗin da ke jingine a bayan gidan wani a Gaya ba za ta koma Turai ba. Ɗayan biyu ne: ko wani ya saye ta da araha ya ɗaɗɗaure ta da waya ya jefa ta haya da rabin birki, ko ta faɗa hannun wanda zai fara da birki da taya da sitiyari. Hayaƙi ma haka. Injin da aka daidaita kafiretonsa, aka canja masa fulogi da matatar iska, aka mayar masa da tamosta, ba zai kai wanda ake lallaɓawa hayaƙi ba, balle motar da ba ta fita sai Juma'a da ranar biki. Abin da ba zan musa ba shi ne jikinta. Ƙaramar motar 1992 ba ta da kariyar da ta yau ke da ita, yawancinsu ba su da jakar iska, kuma babu gyaran da zai sa ta jure karo da tirela a hanyar Doso. Don haka a ɗaura bel, a rage gudu, a bar tafiyar dare, kada kuma a mayar da ita motar kai iyali Yamai.

Inda na fi jiye wa mai wannan sha'awa tsoro shi ne takardu, don a bakin iyaka araha da ƙafarta take zuwa. Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kuma duk lokacin da aka yi irin haka motoci kan bi ta daji, su canja lamba, su canja hannu, har asalinsu ya ɓace. Yau za a kawo maka Golf mai lambar Najeriya a farashin da zai sa ka haɗiyi yawu, a ce maka takardu ba matsala, akwai wanda ya san wani. Motar da ba a biya mata duwan a Nijar ba, ba ta da kart giriz da sunanka, duk gyaran da ka zuba mata wanda zai kama ta ka yi wa, kuma a wannan zamani na matsalar tsaro tambayoyin da za a yi maka a shinge ba za su tsaya a kan tara ba. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. A goge ƙura a karanta ta a jikin ƙarfen motar, a gwada da ta takarda, a shafa wurin da yatsa a ji ko walda ta taɓa bi ta nan. In guda ta saɓa a yi sallama da dillali, komai zaƙin bakinsa. Kuɗin inshora da na bizit, wato gwajin lafiyar mota, kuma tun farko za a sa su cikin lissafi.

Masu cewa hanyoyin dallol na babur ne sun yi gaskiya. Starlet gajeruwa ce, ƙafar gaba ke janta, rairayi mai zurfi da lakar fadamar rake a watan Agusta ba wurinta ba ne, kuma mai neman abin zuwa gona ya sayi babur ya huta. Batun mai kuwa ƙaramin injin yake goyon baya. Gwamnatin Nijar ta rage litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 arahar man 'yan ruwa-ruwa ta tafi, kuma ƙarancin da aka sha a Maris ɗin 2025 ya nuna matatar SORAZ ta Damagaram ita kaɗai ba ta ɗauke buƙatar ƙasa.

Ranar saye a je da sassafe, a tafi da makanikin da ba abokin mai motar ba, a ɗora hannu a kan injin kafin a tayar. In da ɗumi, an riga ka, wani abu ake ɓoyewa. A buɗe murfin baƙin mai, in akwai farin kumfa a ƙarƙashinsa a zargi ruwa na shiga inda bai kamata ba. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce injin na cin baƙin mai. Sai a ɗaga kafet, a ciro tayar safaya, a leƙa ƙarƙashi da tocila, don waɗannan motoci sun sha gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, kuma tsatsar da ya shuka tana nan tana ci ko da mota ta shekara a busasshiyar ƙasa. Injin ana sauke shi a ɗora wani, ruɓaɓɓen shasi kuwa walda kawai za a yi ta bin sa da ita. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya na iya fashewa a zafin bazara da zanenta raɗau. Wanda ba zai iya ajiye kwatankwacin kuɗin sayen a gefe don gyara ba, shawarata ya dakata. Wanda ya iya kuma ya bi tsari: birki, taya, sitiyari, ruwa, bel ɗin tayimin, waya. Fenti da rediyo su ne na ƙarshe, ko da yake su zuciya ta fi so.

Saura magana ga masu gareji a Junju da Gaya, don duk abin da na faɗa a hannunsu yake. Motar da mai ita ba ya gaggawa ita ce aka fi turawa bayan rumfa, yau a ari batirinta a tayar da ta wani, gobe a zare mata kafireto a ɗaura wa ta ɗan haya da alkawarin za a mayar. In aka yi haka an kori abokin cinikin da shi kaɗai ke biyan kuɗin cikakken aiki. In irin wannan mutum ya zo muku, ku yi ciniki da shi aiki bayan aiki, ku rubuta abin da aka cire da abin da aka sa, ku mayar masa da tsohon kayan a hannu, kuma ranar da za a buɗe injin ku kira yaran duka su tsaya su gani.